Dalilin da ya sa hoton talabijin na HD ba ya fitowa garau a kodayaushe

Duk mai kallon ƙwallon ƙafa a talabijin ya san wannan yanayi. Muddin 'yan wasa na tsaye ana rera taken ƙasa, hoto yakan fito tangaran, har a iya ganin gumi a goshin mai tsaron gida. Da zarar an take wasa, kyamara ta fara bin ƙwallo a guje, sai ciyawar fili ta koma kamar an shafa koren fenti, fuskokin 'yan kallo su narke, lambar bayan riga ta yi dishi-dishi. In aka kai ga ɗaga kofi kuma aka watsa ƙananan takardu masu ƙyalli sama, hoton gaba ɗaya kan tarwatse ya zama ƙananan murabba'ai na ɗan lokaci. Duk da haka tambarin HD na nan daram a kusurwar allo.

Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan akwatin talabijin, ko dikoda, ko wanda ya ɗaura musu dish. Wani lokaci suna da gaskiya. Amma galibi matsalar ta samo asali ne tun kafin hoton ya baro tasha, a wurin da ake matse bayanansa domin su iya wucewa ta hanyar da aka tanadar musu.

Haruffan HD adadin ɗige-ɗigen da ke cikin hoto kawai suke nunawa. Kyawun abin da ɗige-ɗigen ke ɗauke da shi ya dogara ne da yawan bayanan da aka yarda a kashe wa kowace tasha a kowace daƙiƙa. Wannan kuwa shawara ce da kamfanoni da hukumomi ke yankewa, ba tare da mai kallo ya sani ba.

Me haruffan HD ke nufi?

Hoton da ke kan allon talabijin tarin ƙananan ɗige-ɗige ne da aka jera sahu-sahu, kowanne da haskensa da launinsa. Masana na kiran kowane ɗigo fiksel. A tsarin dijital na gama-gari da ake kira SD, wanda ya gaji ma'aunin tsohuwar talabijin ta analog a ƙasashe irin su Najeriya, hoto na da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, jimilla 414,720. Cikakken HD kuwa yana da 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato 2,073,600, ninki biyar cif na SD. Akwai kuma ƙaramin HD mai 1,280 da 720, wanda jimillarsa 921,600 ce.

Motsin da muke gani jerin hotuna ne marasa motsi da ke wucewa da sauri, 25 a kowace daƙiƙa a tsarin da muke amfani da shi. Kowane ɗigo na kowane hoto sai an bayyana shi da lambobi. Mafi ƙanƙantar ma'aunin waɗannan lambobi shi ne bit, miliyan ɗaya na bit kuma shi ne megabit.

A cikin situdiyo, siginar HD da ba a matse ba tana gudana ne a kan megabit 1,485 a daƙiƙa guda. Da za a adana wasan ƙwallo na minti 90 a haka, zai cinye kimanin gigabait 1,000. Wanda ya san abin da gigabait ɗaya na data ke ci masa a waya zai fahimci girman wannan kaya.

Babban kaya, ƙaramar ƙofa

Zangon iska da ake watsa shirye-shirye ta cikinsa dukiya ce mai iyaka, wadda Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ke tsara rabonta tsakanin ƙasashe. A Afirka da Turai, kowane gurbi na zangon UHF yana da faɗin megahaz 8, kuma a zamanin analog tasha ɗaya tak ke zama a cikinsa. Da fasahar dijital ta DVB-T2, wannan gurbi na iya ɗaukar kimanin megabit 40 a daƙiƙa, kamar yadda aka saita shi a Birtaniya. Ke nan tashar HD guda da ba a matse ba za ta buƙaci gurbi 37 ita kaɗai.

A tauraron ɗan'adam ma haka abin yake. Sashe ɗaya na tauraro mai faɗin megahaz 36 yakan ba da kimanin megabit 38 a tsohon tsarin DVB-S. Sabon tsarin DVB-S2 ya ƙara a kan haka, amma hayar kowane sashe na cin kuɗi mai yawa a shekara.

Saboda haka matsewa dole ce, in ba ita babu talabijin ta dijital. Tashar da aka ware wa megabit 8 an rage nauyin hotonta kusan sau 185. Wasan nan na gigabait 1,000 ya dawo ƙasa da gigabait 6.

Matsewa iri biyu ce. Akwai wadda ba ta zubar da komai, kamar a danna auduga cikin buhu, in an kwance ta dawo yadda take. Irin wannan ba ta iya rage hoto sai ɗan kaɗan. Ɗayar kuwa ta fi kama da shanya tumatir: ana samun sauƙin ɗauka da ajiya, a jiƙa shi a yi miya, amma ba zai sake zama ɗanye ba. Ita ce ake amfani da ita a talabijin. Abin da na'urar matsewa ta zubar ya tafi ke nan, babu dikoda ko akwatin talabijin da zai dawo da shi.

Yadda ake zaɓar abin zubarwa

Gwanintar ita ce a zubar da abin da ido ba zai yi kewarsa ba. Dabara ta farko ta shafi launi. Idon ɗan'adam ya fi kula da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi. Don haka ana riƙe bayanin haske na kowane ɗigo, a sa ɗigo huɗu su yi tarayya a bayanin launi guda. Wannan kaɗai na rage rabin nauyin hoto, kuma da wuya a lura, sai fa a wurin jan rubutu a kan shuɗi, inda gefen haruffa kan yi jirwaye.

Dabara ta biyu ta shafi cikin kowane hoto. Ana yanka shi ƙananan murabba'ai, misali masu ɗigo 8 a kwance da 8 a tsaye, a bi kowanne da wani lissafi da ake kira DCT. Nasir Ahmed, injiniya haifaffen Indiya da ya yi aiki a Amurka, shi ya fito da lissafin, aka wallafa shi a 1974 tare da abokan aikinsa T. Natarajan da K. R. Rao. Aikin lissafin shi ne ya ware manyan siffofin da ke cikin murabba'in daga ƙananan zane-zanensa. Daga nan sai na'ura ta riƙa cike lissafi, kamar ɗan kasuwa mai watsar da kwabbai in yana haɗa ciniki. In hanya ta yalwata, kwabban kaɗai ake zubarwa. In ta ƙuntata, sai a watsar da nairori, a kai ga ɗaruruwa, har murabba'in ya zama launi ɗaya fal ba zane a cikinsa. Asarar inganci mafi girma a wannan mataki take faruwa.

Dabara ta uku ita ta fi rage nauyi, ta kuma shafi abin da ke tsakanin hoto da hoto. A ɗauki mai karanta labarai: teburinsa da bangon bayansa ba sa canjawa, leɓɓansa da idanunsa ne ke motsi. Ba hikima ba ce a aika teburin sau 25 a daƙiƙa. Sai a aika cikakken hoto jefi-jefi, galibi sau ɗaya ko biyu a daƙiƙa, a tsakani kuma a riƙa aika umarni kawai: wannan ɓangare ya tsaya yadda yake, wancan ya matsa dama da ɗigo kaza, ga ɗan abin da ya sauya. Wasu hotunan ma ana gina su ne daga wanda ya gabace su da wanda zai biyo bayansu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa in an sauya tasha allo kan yi baƙi na ɗan lokaci, domin dikoda na jiran cikakken hoto na gaba kafin ta samu abin ɗorawa a kai.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa wasu hotuna suka fi wasu wahalar matsewa. Duk abin da ke motsi ba bisa tsari ba, kamar ruwan sama da harshen wuta da hayaƙi da ganyen bishiya a cikin iska, ba ya barin na'ura ta hango abin da zai biyo baya. Hawan Daushe a Kano misali ne na kusa: dawakai na sukuwa, ƙura ta turnuƙe, kayan ado na walƙiya, dubban mutane na motsi, kyamara kuma na juyawa. Kusan kowane ɗigo sabo ne a kowane hoto. Megabit ɗin da ya wadaci shirin tattaunawa har ya yi saura ba zai kai ko'ina ba a irin wannan fage.

Alamomin da ake gani a allo

Alamar da aka fi sani ita ce bayyanar murabba'ai. Idan aka zubar da zane da yawa, kowane murabba'i ya daina dacewa da maƙwabcinsa, iyakokinsu su fito fili kamar daɓen tayil. Tsohon tsarin MPEG-2 ya fi fama da wannan.

Sabbin tsare-tsare na da matacin da ke goge waɗannan iyakoki, don haka aibinsu ya sauya kama. Maimakon murabba'ai sai hoto ya yi santsi fiye da kima. Fatar fuska ta zama kamar ta 'yar tsana, zanen shadda ya ɓace, aikin allura da ke jikin hula ya cakuɗe. Wannan ya fi wuyar ganewa, domin hoton ba ya nuna alamar lalacewa, sai dai mutum ya ji cewa wani abu ya ragu.

Akwai kuma wani ƙyalƙyali da ke yawo a gefen rubutu da tambari da kawunan mutane, wanda injiniyoyi suka laƙaba wa sunan sauro saboda yadda yake shawagi. Sai matakala a cikin launi: sararin sama lokacin faɗuwar rana, da ya kamata ya sauya sannu a hankali, sai ya rabu layi-layi. Siginar da ake watsawa gidaje matakan haske 256 take da su, ta situdiyo kuwa 1,024, in matsi ya ƙara cinye wasu sai tsallen ya fito, musamman a wurare masu duhu. Wani lokaci kuma akan ga bango ko ciyawa na yin kamar numfashi, suna kyau suna dusashewa a kai a kai. Wannan na faruwa ne duk lokacin da cikakken hoto ya iso, na tsakani kuma suka gaza riƙe ingancinsa.

Ya kamata a bambanta duk waɗannan da katsewar sigina. Zangon Ku da yawancin dish-dish na gidaje ke amfani da shi yana raunana in hadari ya haɗu ko ruwa ya sauko da ƙarfi. A zamanin analog, raunin sigina yayyafi yake kawowa a allo, ana gani sama-sama. Dijital ba ta da tsaka-tsaki: ko hoto ya fito, ko ya daskare ya yage, sauti ya yanke. Matsewa na ƙara wa wannan muni, domin in bayani ɗaya ya salwanta a hanya, duk hotunan da aka gina a kansa sai sun lalace har cikakken hoto na gaba ya zo.

Gwajin mai sauƙi ne. In sama garau take, sauti bai yanke ba, ma'aunin sigina a dikoda na nuna ƙarfi, amma hoto na lalacewa ne kawai in motsi ya yi yawa, to daga tushe abin yake. Maƙwabci mai kallon tashar ta hanya ɗaya zai ga aibin a daidai lokacin da aka gan shi. Kiran mai gyaran dish ba zai magance komai ba.

In dambu ya yi yawa

Tashoshin dijital a ƙunshe suke tafiya, da yawa a gurbi ɗaya. Lissafin a fili yake: in aka raba megabit 40 ga tashoshi 5, kowace za ta samu 8. In aka raba wa 20, kowace ta tashi da 2. Kowace sabuwar tasha kuɗin shiga ce ga mai gurbin, kuma yawan tashoshi abu ne mai sauƙin tallatawa, alhali babu mai rubuta yawan megabit a allon talla. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Injiniyoyi na da dabarar rage raɗaɗin wannan cunkoso. Maimakon a yanka wa kowace tasha kaso tsayayye, sai a tara duka a tukunya ɗaya, wata na'ura ta riƙa rabawa gwargwadon buƙatar kowace a kowane lokaci. Tashar da ke nuna hira ta ara wa mai nuna tseren mota. Dabarar na aiki sosai in shirye-shiryen sun bambanta. Amma in tashoshin wasanni da dama suka haɗu a ƙunshi ɗaya da yammacin Asabar, kowace na neman ƙari, babu mai rarar da za ta bayar.

Abin da ya faru a Birtaniya ya nuna yadda lamarin ke kasancewa. A watan Agustan 2009, BBC ta sauya na'urorin matsewa na tasharta ta BBC HD, yawan bayanan tashar ya sauka daga kimanin megabit 16 zuwa 9.7, ragin kusan kashi 40 cikin 100. Hukumar gidan ta tsaya a kan cewa sabbin na'urorin sun fi ƙwarewa, don haka inganci bai ragu ba. Masu kallo da dama ba su gamsu ba, suka yi ta ƙorafi na tsawon watanni, musamman kan wurare masu duhu da lokacin da hoto ke narkewa cikin wani. A watan Yunin 2010 aka koma tsarin da yawan bayanai ke hawa da sauka gwargwadon buƙata. A tsawon wannan taƙaddama sunan tashar bai sauya ba, tambarinta na HD ma haka.

A Amurka, inda aka fara watsa HD ta dijital a 1998, kowace tasha na da megabit 19.39 a gurbinta mai faɗin megahaz 6. Da tafiya ta yi nisa, tashoshi da yawa suka riƙa cusa ƙananan tashoshi a cikin wannan kaso, babbar tashar kuma ta riƙa tashi da abin da ya rage. A intanet ma dokar ɗaya ce. A watan Maris na 2020, lokacin kullen annobar korona, Netflix ya amince ya rage nauyin da yake ɗora wa layukan intanet na Turai da kimanin kashi 25 cikin 100 na tsawon kwana 30, bisa roƙon Tarayyar Turai. Ya yi hakan ne ta rage yawan bit, ba tare da ya sauya adadin ɗige-ɗigen hoto ba.

Sabuwar fasaha na taimakawa, amma da sharaɗi

Yawan megabit kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an san da wace fasaha aka matse. Kwamitin ƙwararru na MPEG da aka kafa a 1988, tare da ITU, sun fitar da jerin ma'aunai: MPEG-2 a tsakiyar shekarun 1990, H.264 wanda ake kuma kira MPEG-4 AVC a 2003, HEVC a 2013, sai VVC a 2020. Burin kowanne shi ne ya ba da inganci irin na wanda ya gabace shi da kusan rabin bayanai. Murabba'in aiki na MPEG-2 tsayayye ne, mai ɗigo 16 a kowane gefe. Na HEVC kan kai 64, yana kuma rarrabuwa ƙanana a inda zane ya yi yawa.

Faransa ta mayar da talabijin ɗinta ta eriya gaba ɗaya kan MPEG-4 a ranar 5 ga Afrilun 2016, abin da ya ba mafi yawan tashoshinta damar zama HD. Jamus ta tsallaka zuwa DVB-T2 da HEVC a watan Maris na 2017. Sai dai kowane irin wannan sauyi na nufin tsofaffin dikodoji sun zama tarkace, iyalai su sayi sababbi. Sannan rarar da aka samu ba lallai ta tafi ga inganta hoto ba, ana iya cike ta da ƙarin tashoshi.

Shirin kai-tsaye na da tasa matsalar. Fim ɗin da za a sa a faifai ana iya bin sa a natse fiye da sau ɗaya, a san inda ke buƙatar ƙarin bayanai. Na'urar da ke matse wasan ƙwallo kuwa dole ta yanke shawara nan take. Faifan Blu-ray na iya ba hoton fim ɗaya har megabit 40, daidai da abin da tashoshin gurbi guda ke rabawa a tsakaninsu. Shi ya sa fim ɗaya kan fi kyau a faifai fiye da a tasha, ko da dukansu ɗigo 1,080 ne a tsaye.

Matsi a kan matsi

Kafin hoto ya iso falo, ba sau ɗaya ake matse shi ba. Kyamara na matsewa lokacin ɗauka, a sake bayan tacewa, a sake wajen turawa hedikwatar tasha, kamfanin rarrabawa kuma ya yi nasa na ƙarshe. Kowane zagaye na ɗaukar aibin na baya a matsayin ɓangaren hoto, ya ɗora nasa a kai, kamar a yi ta buga kwafin takarda daga kwafi. Bidiyon da ya bi ta WhatsApp kafin ya shiga labaran tasha ya riga ya rasa mafi yawan abin da ke cikinsa.

Ƙarancin haske a wurin ɗauka na ƙara dagula lamarin. Kyamara a cikin duhu takan haifar da tsaki-tsaki masu rawa, na'urar matsewa kuma ba ta iya bambanta su da zane na gaskiya, sai ta ɓarnatar da bayanai a kansu. Hoton da aka ɗauka da isasshen haske a kan kyamara mai ƙafa ya fi jure matsi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma shirye-shiryen da tun asali ba HD ba ne, an dai buɗa su ne su cika allo. Faifan VCD da finafinan Kannywood suka daɗe suna fitowa a kai yana da ɗigo 352 da 288, kimanin kashi ɗaya cikin 20 na cikakken HD, a kan megabit 1.15 kacal. In irin wannan kwafi ne ya rage a hannu, nuna shi a tashar HD ba zai ƙara masa komai ba. Nan akwai darasi ga masu shirya finafinai da gidajen talabijin: a adana ainihin abin da kyamara ta ɗauka. Wanda ya goge na asali ya riƙe matsattsen kwafi ya yanke wa masu zuwa hukuncin ganin tarihinsu dishi-dishi.

Inda Najeriya ta tsaya

Najeriya ta daɗe a harkar talabijin. An buɗe WNTV a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, tashar Jos kuma ita ta fara watsa hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sanya 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin barin analog a zangon UHF, wa'adin da ƙasar ba ta cimma ba. An ƙaddamar da gwajin tsarin dijital a Jos a watan Afrilun 2016, Abuja a Disambar shekarar, Kaduna a Disambar 2017, Legas a Afrilun 2021, Kano kuma a Nuwambar 2021, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC. Tsarin da aka zaɓa shi ne DVB-T2 tare da MPEG-4.

A lokaci guda kuma zangon da ya rage wa talabijin na ƙara tsukewa. Tarukan ITU na 2007 da 2012 da 2015 sun buɗe wa kamfanonin wayar salula ɓangaren sama na UHF, wato zangon megahaz 800 da na 700. Tashoshi na ƙaruwa, fili na raguwa.

Zaɓin da ke gaban masu tsara manufofi ba mai sauƙi ba ne. Yawan tashoshi na da amfaninsa a ƙasa mai harsuna da jihohi da yawa, inda kowace al'umma ke son jin muryarta. Tashar SD da aka ba isassun bayanai kuma takan fi daɗin kallo a kan ta HD da aka shaƙe. Abin da bai dace ba shi ne a karɓi kuɗin HD a hannun mutane a ba su abin da sunan kawai ya rage masa. Hukuma na da ikon gindaya mafi ƙarancin ingancin da tasha za ta cika kafin ta ɗora wannan tambari, ta riƙa aunawa, ta kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Yanzu da manyan talabijin masu inci 50 zuwa sama ke ƙara shiga gidaje da gidajen kallo, aibin da ƙaramin allo ke ɓoyewa ya daina ɓoyuwa.

Abin da mai kallo zai iya yi

Ba a iya dawo da abin da aka zubar, amma ana iya kauce wa ƙara masa asara. Da farko a duba wayar da ta haɗa dikoda da talabijin. Tsohuwar waya mai kawuna uku, rawaya da fari da ja, ba ta ɗaukar HD ko kaɗan. Sai an yi amfani da HDMI, a kuma shiga saitin dikoda a tabbatar tana fitar da 1,080. Gidajen kallo masu raba hoto ga talabijin da yawa ta wayar eriya suna mayar da shi analog ne, ko da kuɗin HD suka biya.

Na biyu, a rage saitin kaifin hoto. Yawancin talabijin na zuwa daga shago da kaifi da launi a sama domin jan hankalin mai saye, wannan kuwa yana ƙara fito da sauro da gefen murabba'ai. Saitin da aka tanada don kallon fim ya fi kusa da abin da aka aiko.

Na uku, a lura da tazara. An tsara HD ne domin a kalle shi daga nisan da ya kai kimanin ninki uku na tsayin allo daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya matso fiye da haka zai ga kowane aibi. Talabijin mai 4K ma ba ta ƙara wa tashar da aka matse komai, faɗaɗa abin da ta samu kawai take yi.

Na ƙarshe, kafin a sayi talabijin ko a biya kuɗin wani tsari na tashoshi, kada a yi hukunci da bidiyon gwaji da ake kunnawa a shago, domin an shirya shi ne da bayanai masu yawa da babu tashar da ke samun irinsu. A nemi a kamo tashar da aka saba kallo, a jira lokacin da motsi ya yi yawa, a duba ciyawa da fuskokin taron jama'a da gefen rubutu. In hoton ya riƙe kansa a wannan lokaci, kuɗin ya biya. In ya watse alhali sigina na da ƙarfi, kamfanin da ake biya ne ya cancanci a kai wa ƙorafi, a kuma tambaye shi megabit nawa ya ware wa tashar.